Taubashina Wanzami da Gwiwarsa ta Ƙarfe

Dukkanmu na Allah ne, kuma taubashina ya riga ni komawa. Ya cika ranar Litinin da hantsi a ɗakinsa na haya a unguwar Borokiri, nan Fatakwal, kafin La'asar mun kai shi makwancinsa. Yau kwana goma sha biyu. Na ɗauki biro ne don na ga an fara naɗe zancensa tare da tabarmin makoki, kuma mutumin da ya yi shekara arba'in da ɗoriya a Fatakwal bai kamata ya ɓace cikin sati biyu ba.

Mutane sun zo gaisuwa, ba laifi, sai dai ba mai zama. Masu turin baro, 'yan okada, masu gadi, masu gyaran takalmi, kowa zai tsuguna ya yi addu'a ya shafa, sai ka ga hannunsa ya zarce ƙeya, inda tabon ƙaho yake. "Allah ya jiƙan Baba Wanzam, ya taɓa yi mini ƙaho." Daga nan sai ya miƙe, aiki na jiransa. Na ji wannan magana ta fi sau dubu, ko da yake 'yarsa ta ce waɗanda suka zo ko ɗari ba su cika ba. A cikinsu ban ji wanda ya ce sun taɓa cin tuwo a kwano ɗaya ba. Wani ma matso ni ya yi yana tambaya wai marigayin mutumin wane gari ne. Wadda ta fi kowa kuka ita ce mai gidan da yake haya, wata tsohuwa 'yar ƙasar, wadda ba ta jin Hausa sai "lafiya lau". Ta ce cikin buroka, yanzu wa zai riƙa tsayar da ita kullum da safe yana tambayar gajiyarta da yaranta da awakinta, alhali ba ta taɓa ajiye akuya ba.

Ɗan gwaggona ne. Ya girme ni da shekara ashirin da biyar, kuma shi ya ɗauko ni daga gida ya kawo ni kudu, ya haɗa ni da masu albasa a kasuwar Oil Mill. Amma taubashi taubashi ne ko da gemunsa ya kai cibiya. Duk garin nan Baba ake ce masa, ni kaɗai nake kiransa tsoho, shi kuma ya kira ni duk abin da ya zo bakinsa. Yakan ce kaina kusurwa huɗu gare shi, kafin ya aske ni sai an kira masu awon fili. Ni kuma in ce askarsa ta girmi gadar Anacha. Iyalina suna arewa, matarsa ta rasu tun da daɗewa, 'yarsa ɗaya tilo tana aure a Inugu. Saboda haka zagin nan na ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, shi ne gidanmu, ni da shi.

A bakin hanyar da ke gangarawa ruwa yake aiki, a tsugune, tun safe har rana ta karkata. Aski, ƙaho, kaciya, duk nasa ne. Ya taɓa gaya mini cewa ya san ƙeyar kowa a garin nan, amma in ya gamu da mutum a hanya, sai mutumin ya wuce ya ga bayansa yake gane shi. Na yi dariya a lokacin. Yanzu da na zauna a makokinsa, ba ta ba ni dariya.

Kuma ba kowa yake yi wa ƙaho ba. In lebura ya zo yana cewa jikinsa ya yi nauyi, sai ya ja fatar idonsa ƙasa da babban yatsa ya duba. In ya ga wurin ya yi fari, sai ya kore shi: ya je ya ci hanta da ganye tukuna, jinin bai ishe shi ba balle ya ba ƙasa. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka bai san darajar jini ba. Ya sani sarai, a jikin wasu.

Tsugunon shekara arba'in shi ya cinye masa gwiwoyi. In zai miƙe, ta dama takan yi wata ƙara da nake rantsuwa ina jiyowa daga kasuwa. Ya koma salla a zaune, ya koma shan ƙwayoyin ciwon jiki na kemis kamar gyaɗa. Da abin ya ƙi, 'yarsa da mijinta suka ɗauke shi zuwa asibiti a Inugu, ni kuma na bi su a matsayin mai ba da haushi. Likita ya duba hoton ƙafar ya ce gwiwar ta gama aiki, sai an sa ta ƙarfe.

Wata nas 'yar kudancin Kaduna ita ta yi mana tafinta, kuma ta iya bayani. Ta ce aikin nan yana cin jini, domin ƙashi ake yankawa, ƙashi kuwa yakan ci gaba da tsattsafo jini ko bayan an ɗinke fata. Don haka tun kafin ranar ake fara tattali. Zai sha ƙwayoyin ƙarin jini na sati shida. Zai daina ƙwayoyin kemis ɗin nan, domin suna tsinka jini. Ranar aikin za a yi masa allurar da ke riƙe jini, a ɗaure cinyar tam kafin a sa wuƙa, bayan an gama kuma sai bandeji da ƙanƙara da ɗaga ƙafa. Sannan a kawo mutum biyu su ba da jini a ajiye, ko da za a buƙata.

Tsoho ya saurara yana gyaɗa kai kamar malamin da ke jin haddar ɗalibi. Da aka zo kan ɗaure cinya, sai ya ce wa nas ɗin ta gaya wa likita cewa shi likitan ya iya sana'arsa. Likitan ya yi masa tambayoyi iri-iri, sigari, ciwon suga, hawan jini, wane magani yake sha. Ba wanda ya tambaye shi ƙaho, shi kuma bai ambata ba, tunda ƙaho ba shansa ake yi ba.

Ya bi doka sati shida cur. Ya sha ƙwayoyi, ya ci hanta har masu nama suka fara ɓoye masa tasu. Saura kwana huɗu mu koma Inugu, ya aiko in zo da hantsi. Na same shi ya cire riga, ya jera ƙahonni a kan tabarma, ya wasa aska. Ya ce yau ni ne wanzami.

Na ce masa ba na tsammanin likita zai so haka.

Ya ce, "In baƙo zai shigo ɗakinka ba ka sharewa? Mutumin nan zai buɗe ƙafata ya tarar da jinin shekara saba'in a kwance, ya ce wanzamin ma bai tsabtace kansa ba. Kama ƙahon nan, ka daina kallona kamar akuya."

Wallahi a lokacin maganar ta shiga kaina daram. Na kafa masa ƙaho tara, a ƙeya, a baya, da kewayen gwiwar da za a yanka, yana nuna mini inda zan tsaga. Na zuƙi ƙaho har na ji idanuna za su koma cikin kai. Da muka gama ya duba abin da ya fito, ya ce yanzu ya iya shiga gaban kowane likita ba kunya.

A asibiti nas ɗin ce ta ɗaga masa wando. Ta ga tsagar nan jere-jere, ko ɓawo ba su gama yi ba. Ba ta tambayi mene ne ba, kakanta ma ana yi masa. Hannu kawai ta ɗora a ka. Aka auna jini aka ga ya ja baya, kuma likita ya ce ba zai sa ƙarfe a ƙarƙashin fatar da ke da ɗanyen rauni ba, don ƙwayar cuta na iya bi ta nan. Aka ɗaga aikin wata ɗaya da rabi. 'Yarsa ba ta iya yi wa ubanta faɗa ba, sai ta juyo kaina. Ta fara da Hausa, da Hausa ta ƙare mata ta shiga Ibo, ta rufe da buroka. Abin da na tsinta shi ne, "Baffa, shi tsufa ne ya sa shi. Kai fa?"

Batun masu ba da jini kuwa, ya hana ni tambayar kowa a Borokiri. Ya ce yaran nan da ƙarfinsu suke cin abinci. Na tambayi wasu a ɓoye duk da haka. Wannan ya ce yana da mura, wancan ya ce zai yi tafiya, wani kuma ya gaya mini gaskiyarsa, cewa Baba mataccen jini yake cirewa, asibiti kuwa mai rai suke ɗiba. Ban gaya wa tsoho ba, shi ma bai tambaye ni ba. Ni da surukinsa muka bayar.

Aiki ya yi kyau. Dabarun likita suka yi tasiri, har ba a ƙara masa ko leda ɗaya ba. Wannan bai hana ni shiga ɗakin ina shela cewa rabin jinin da ke jikinsa nawa ne ba. Yana kwance, magani bai gama sakinsa ba, ya buɗe ido ɗaya ya ce Allah ya tsare shi, da an sa masa jinina da ya tashi yana warin albasa yana ƙarya.

Da aka sallame shi zuwa gidan 'yarsa a unguwar Obiagu cikin Inugu, aka ba shi wasu ƙwayoyi masu hana jini daskarewa a jijiyar ƙafa. Nas ɗin ta kalle shi ido cikin ido ta ce, muddin yana shansu, ko yankan aska ya samu jinin ba zai tsaya da wuri ba. Ta ce ƙafar za ta kumbura ta yi baƙi, kada ya tsorata, jiki zai shanye abinsa, shi dai ƙanƙara da ɗaga ƙafa. Ya ce to.

Ƙafar kuwa ta kumbura ta yi baƙi-baƙi tun daga cinya har idon sawu. Na ga yana danna ta da babban yatsa, yana kallonta irin kallon da yake yi wa bayan lebura. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana farautar mataccen jini, ga shi an tara masa shi a ƙafarsa an ce kada ya taɓa. Zabirarsa, jakar fatar da yake zuba aska da ƙahonni, tana ƙarƙashin matashinsa, don ko asibiti da ita ya je. Rana ta uku da azahar 'yarsa ta leƙa ta same shi yana wasa aska. Ta same ni a tsakar gida ta ce in ba a raba shi da jakar nan ba, za su wayi gari da gawa.

Da surukinsa ya kama shi zuwa banɗaki, na zare zabirar na cusa a jakata. Ina da kayan albasa da zan duba a Anacha, sai na bi ta can na ba wani abokin sana'ata ajiya. Daga nan na kira tsoho a waya. A nan ne na yi kuskuren da ya fi na ƙaho tara. Maimakon in gaya masa gaskiya, sai bakina ya kama aikin da ya saba. Na ce na ɗauke ta ne don in kai a ɗinke mata maɗauri, ɓarayi suka yanke jakata a tasha, su wajen bakwai, na bi su har bakin gada.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Allah ya mayar da alheri, Alhaji."

Ni ban taɓa zuwa Makka ba, kuma tunda aka haife ni bai taɓa kirana da sunan mutunci ba.

Kumburin ya saɓe da kansa, kamar yadda nas ta faɗa. Ya fara tafiya da ƙarfen dogarawa, ya koma sanda, ya yar da sandar. Na so in mayar masa da kayansa a lokacin, 'yarsa ta ce in bari, in babu kayan aiki wataƙila ya haƙura ya zauna wurinta. Bai zauna ba. Ya ce a Obiagu ba wanda ya san shi, jikokinsa da Ibo suke wasa a tsakaninsu, shi kuwa yini yake yana kallon bango. Bayan wata huɗu ya hau mota ya dawo Borokiri yana tafiya a miƙe kamar soja.

Bai sayi sababbin kaya ba. Ƙahonnin nan na mahaifinsa ne, wasu ma na kakansa, ya ce bakinsa ba zai koyi sabon ƙaho da tsufa ba. Tsuguno kuma ya ƙare, gwiwar ƙarfe ba ta lanƙwasa har can. Sai ya fito da kujerar roba ya zauna a wurin da ya saba aiki. Makonnin farko mutane sun riƙa zuwa, su ji babu kaya, su yi masa sannu su wuce. Daga baya suka koma shagunan da ke aski da inji, suna ɗaga masa hannu daga kan okada. Daga baya hannun ma ya ragu.

Ni ina zuwa duk Juma'a. Da ya hango ni sai ya miƙe a kan gwiwar nan tasa mai tsada, ya ba ni kujerar, shi ya jingina da bango. Ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, da gajiya, da kasuwa, da labarin gida. Na ce masa na samo masu sayen gwangwan da za su auna gwiwarsa a kilo. Ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, Alhaji." Na ce gemunsa ya koma kamar tsohuwar tsintsiya. Ya ce tsufa ne, Allah ya sa mu gama lafiya. Na sha zagi a rayuwata, na 'yan kasuwa da na direbobi da na surukai, amma ban taɓa jin abin da ya yi mini ciwo kamar ladabin mutumin nan ba. Nakan bar wurinsa in rasa inda zan nufa. A kasuwa ni ne mai ba kowa dariya, amma duk Fatakwal shi kaɗai ya san ni tun ina yawo ba wando.

Kuna iya tambaya me ya hana ni ɗauko jakar. Kunya ce. Duk satin da ya wuce ƙaryar ƙara nauyi take yi, ni kuma ina ce wa kaina sai sati mai zuwa. Haka na yi har wata bakwai.

Ranar da na je Anacha, abokina ya ciro zabirar daga bayan buhuna ya kakkaɓe ta. Yana miƙo mini ya ce ai Baba ya san tana nan. Baba ne ya yi wa 'ya'yansa uku kaciya, shi kuwa ba zai iya kwana da zabirar mutumin a shagonsa bai sanar da shi ba, tun satin farko ya kira shi. Tsoho ya ce masa ya bar ta a nan har wanda ya kawo ta ya dawo da ƙafarsa. Hanyar Anacha zuwa Fatakwal na bi ta sau ba adadi, amma ta wannan rana ta kai tsawon tafiyar Makkan da ban je ba.

Na same shi a kujerarsa shi kaɗai. Na ajiye jakar a gabansa na zauna a ƙasa. Ya buɗe, ya ciro ƙahonnin ɗaya-ɗaya yana hure musu ƙura. Ɗaya ƙwari sun huda shi, ya daɗe yana juya shi a hannu.

Ya ce, "Da ka bar mini ita, da na tsaga ƙafar nan. Na ma riga na zaɓi wurin."

Ya ajiye ƙahon ya ci gaba.

"Ɗaukewar ba laifi ba ce. Amma da ka zo ka tsaya a kaina ka ce, tsoho ka haukace, na ƙwace kayanka, yi abin da za ka yi. Kai kaɗai ke da bakin faɗa mini haka a duniyar nan. Sai ka tsara mini labari kamar wani baƙo. To, ni ma na karɓe ka baƙo."

Na ce ya yafe mini. Ban ƙara komai a kai ba, kuma ina jin wannan ce magana mafi gajarta da na taɓa yi.

Ya wasa askar a tafin hannunsa, ya ce in juya. Na zauna a tsakanin ƙafafunsa, gwiwar ƙarfe a kafaɗata ta dama. Hannun ya kwana biyu bai yi aiki ba, bai kai rabi ba ya yanke ni a bayan kunne. Ya danne wurin da yatsa har jinin ya tsaya. Can sai na ji ya yi tsaki ya ce, wata bakwai jakin nan yana kai kansa wurin masu inji, ga shi sun mayar da shi kamar gonar da aka yi gardamar gado a kanta. Na sunkuyar da kai yadda ba zai ga fuskata ba. Ya ce in daina motsi, ba hawaye ya ce in kawo ba, ruwa yake so.

Sana'ar ba ta dawo ba. Mutanen sun riga sun watse, sai tsofaffi biyu ko uku da ni. Amma Juma'armu ta dawo, muka yi wata biyar muna cin mutuncin juna a bakin hanya. Sai zazzaɓi ya kama shi ya sauka a ƙirji, kwana shida. Da muke yi masa wanka na ga dogon tabon nan a gwiwarsa ya warke sumul. Likita ya yi aikinsa, duk jikin nan gwiwar ce kaɗai ba ta gaji ba.

Allah ya gafarta maka, tsoho. Ya yafe maka abin da ka sani da wanda ka manta, ya yalwata maka wurin kwanciya, ya haɗa ka da waɗanda za su kalle ka a fuska. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa shi a addu'a.

Tun da aka binne shi kowa lallaɓa ni yake yi. A kasuwa an daina tsokanata, sai ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri. Gashina ya taru har hula ta fara ƙin zama. Jiya na tsaya a ƙofar wani shagon aski a kan hanyar Aba. Mai shagon ya miƙe da sauri, ya kakkaɓe kujera ya ce, "Bismillah, Alhaji, ranka ya daɗe."

Na ce masa zan dawo.